Wa Ya Haƙa Rijiyar Kasuwa

Malam Gbadebo bai gama rubuta kwanan wata a allo ba sai ga wata tsohuwa ta faɗo ajin babu sallama, hannuwanta sun yi shuɗi saboda baban rini. Iya Alaro ce, mai rini a bayan tasha, kakar wata ɗalibarsa Motunrayo. Yarinyar na hango ta ta cusa kai ƙarƙashin tebur.

"Kai ne malamin tarihin?"

Ya rusuna ya gaishe ta, ya ce shi ne.

"To na zo in ga mutumin da ke ba ƙarya maki."

Shi ya jawo wa kansa. Tun farkon zango shugabar makarantar, Madam Oyinlola, ta gaya masa cewa muddin 'yan aji huɗu suka ci gaba da barci a darasinsa, za ta kwashe lokutansa ta ba malamin lissafi, shi kuma ya koma gadin ɗakin karatu. Don ya farkar da su ne ya ce kowa ya je gida ya tambayi tsofaffi wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar kasuwa. Motunrayo ta rubuto cewa kakan kakarta ne. Wani yaro, Sikiru, ya ce nasa ne. Malam ya yaba musu duka, sai dai makin Sikiru ya ɗan ɗara, don rubutunsa ya fi karantuwa.

Yana cikin yi wa Iya bayanin cewa makin na rubutu ne ba na rijiya ba, aka ji ƙwanƙwasar sanda a baranda. Baba Salawu ne, tsohon maƙeri, kakan Sikiru. A wurin mai ƙosai ya ji cewa Iya ta nufi makaranta, shi ma ya ɗora hula ya biyo sawu.

"Salawu, ka zo kare ƙaryar gidanku?" in ji Iya. "Ku da ko ramin doya ba ku iya tonawa ba."

"Da me kakanki ya haƙa, da farce? Wa ya ƙera masa diga?"

Malam ya juya zai tsawata wa yara, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba a ajin nan: babu kai ko ɗaya a kan tebur. Ya sa aka kawo benci, ya raba allo gida biyu, ya ce duk mai tambaya ya ɗaga hannu. Aka tambayi shekara. Iya ta ce shekarar da fara ta cinye dawa, Baba ya ce bayan gobarar layin masu manja. Aka tambayi zurfi, kowanne ya ƙara wa rijiyar gaba biyu a kan na abokinsa. Can Motunrayo ta fito da kai, cikin sanyin murya ta tambayi kakarta ko tana wurin lokacin da aka haƙa rijiyar.

"Ke, ni kike tambaya? Kakata ce ta gaya mini tana yi mini kitso."

Baba ya yi dariya har da tari, kafin jikansa ya yi masa tambaya iri ɗaya, tsohon ya ce shi ma a bakin zuga ya ji. Malam ya rubuta "Wa ya gaya maka?" da manyan baƙaƙe. Zango guda yana fama ya cusa musu wannan tambayar.

Hayaniyar ce ta kawo Madam Oyinlola. Ta tsaya a ƙofa ta harɗe hannuwa. Baba ya ƙare mata kallo ya gane ta.

"A'a, 'yar gidan Ajadi ce. Zo ki raba mu, ɗiyata, tunda ku ba ku da komai a ciki. Igiyar guga kawai kuka sayar."

Iya ta gyaɗa kai. Karo na farko ke nan da suka yarda da juna. Madam ta ce wa Malam ya same ta a ofis.

Da aka kaɗa ƙararrawa tsofaffin suka fita tare, Baba ya ɓare goro ya miƙa wa Iya rabi, ta karɓa tana ci gaba da zaginsa. Malam ya kakkaɓe allin da ke rigarsa, ya tafi ofis yana tunanin ƙurar ɗakin karatu.

Madam ba ta ɗago daga takardun gabanta ba.

"Filin da aka haƙa rijiyar namu ne," ta ce. "Kowa ya sani. Kakata za ta zo ranar Alhamis. Ba ta iya zaman benci, ka nema mata kujera mai jingina."

"Ma, ranar Alhamis ba ni da darasi da su. Lokacin malamin lissafi ne."

Ta juya shafi.

"Zan yi masa magana."