Askin Bhubesi

Baba Hlabangana ya ƙare ƙuruciyarsa yana aski a wata rumfa kusa da tashar motocin Luveve, har lokacin da hannunsa na dama ya fara rawa, ya tattara kayan aikinsa ya koma gida. Tun daga nan sai zaman ƙofar gida, yana amsa gaisuwar mutanen da ya fi sanin ƙeyarsu a kan fuskarsu.

'Yarsa Nokuthaba ce ta kawo masa karen. Tana aiki ne a gidan da ake kula da dabbobin da aka yasar a bayan garin Bulawayo. An tsinci karen ɗaure a bayan wani gida da masu shi suka tashi suka bar shi. Gashinsa ya yi tsawo ya cuccure, ya zama dunƙule-dunƙule masu tauri da ke jan fatarsa duk inda ya motsa, ga kaska, ga wari.

"Wannan kare ne ko tsohon bargo?" in ji MaTshuma, matar Baba Hlabangana, ta toshe hanci da gefen zaninta.

"Mama, sunansa Bhubesi."

"Bhubesi, wato zaki? Wannan? Ai ko kazata ta yi tari sai ya suma."

Nokuthaba ta dubi mahaifinta. "Baba, likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki allurar barci ba, balle a aske shi gaba ɗaya. Sai dai a bi shi a hankali. A wurinmu hayaniya ta yi masa yawa, ba ya ko cin abinci. Don Allah kada ka yi masa sauri."

Baba Hlabangana ya ce ya ji. Amma tsohon mai aski bai iya ganin gashi a hargitse ya kau da kai. Washegari da hantsi ya buɗe akwatinsa, ya goge almakashi, ya nufo karen yana kaɗa shi a iska, cas-cas-cas, yadda ya saba yi wa masu zuwa aski. Bhubesi ya saki fitsari a inda yake, ya kutsa ƙarƙashin wani tsohon tankin ruwa yana kyarma. Tsohon ya sunkuya ya miƙa hannu zai jawo shi, sai ya ji haƙora a tsintsiyar hannunsa.

Cizon bai yi zurfi ba, amma sai da suka je asibiti. A hanyar dawowa MaTshuma ba ta yi shiru ba.

"Baban Thaba, yau ɗin nan za a mayar da shi. Hannun da ya rage maka shi za ka ba kare ya ci?"

Shi kuwa ba ciwon ne ya dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda karen, bayan ya yi cizon, ya kwanta ya runtse ido yana jiran duka.

"Ni na yi masa laifi," ya ce. "Ki bar shi."

Daga ranar ya rufe akwatin. Da safe sai ya shimfiɗa buhu a ƙasa nesa kaɗan da tankin, ya zauna ya ba karen gefe, yana ta surutunsa shi kaɗai: labarin ƙwallo, labarin wani direba mai sanƙo da ke zuwa aski duk mako don kawai ya yi hira. Yakan jefa guntun busasshen nama ba tare da ya dubi inda ya faɗa ba. Sannu a hankali naman ya riƙa faɗuwa kusa da ƙafarsa, karen kuma yana biyo shi. Ranar da Bhubesi ya bari ya taɓa bayan kunnensa, tsohon bai iya cin tuwon masararsa ba don murna. Buroshi ma ya yarda da shi daga baya, in dai a kan ƙafafun gaba ne. Amma da zarar ya hango almakashi a hannun tsohon, sai ƙarƙashin tanki.

MaTshuma tana ɗinki a baranda da rana, inda inuwa take. Da zafi ya tsananta, karen ya fara lallaɓowa yana kwanciya a bakin barandar, daga baya har ƙarƙashin teburinta. Tana korarsa da baki, ba ta taɓa korarsa da ƙafa ba.

Wata rana Baba Hlabangana yana kallonsu sai ya ga tana yanka yadi, almakashinta na ƙara a saman kan karen, shi kuwa ko kunne bai ɗaga ba.

"MaTshuma," ya ce a hankali, "kin ga abin da na gani?"

"Na gani. Kada ma ka fara."

"Hannuna rawa yake yi, ni ma na sani. Ko ya yarda da ni, zan iya yanka shi. Ni zan nuna miki wurin, ke ki yanke."

"Da almakashin yadina? A jikin wannan ƙazamin?"

Ta yi ta mita, amma ta sauko ta zauna a ƙasa. Tsohon ya riƙe nama a hannun hagu, karen na lasa, ya zura mataji tsakanin fata da wani dunƙulen gashi a kafaɗa.

"Ki yanka ta saman matajin. Ki ci gaba da faɗanki, muryarki ya sani."

"Ai dama ba zan daina ba," in ji ta, ta datse. Dunƙulen ya faɗi ƙasa. Bhubesi ya zabura, ya sunsuna abin, ya dube su, ya koma kan namansa.

"A ƙara ɗaya?" ta tambaya.

"A'a. Ya isa na yau."

Haka suka riƙa yi, kullum kaɗan. Wata rana ya yarda, wata rana ya ƙi, su ƙyale shi. Wuyansa ne ya hana kowa taɓawa har ƙarshe. Ranar da ya bari, yatsun Baba Hlabangana suka ci karo da wani abu mai tauri a cikin gashin. Ya buɗa a hankali. Waya ce, ragowar wadda aka ɗaure shi da ita, ta nutse cikin fata, wurin ya yi ja yana ruwa.

MaTshuma ta ajiye almakashi. Ta share ido da bayan hannu.

"Kira Thaba," ta ce. "Ka ce ta taho da likita. Kuma ka gaya mata a nan za a cire, a barandata. Ba inda za a kai shi."

A nan aka cire, kansa na kan cinyarta, tana zagin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Lokacin karen ya yi ƙwari, likita ya yi masa allurar kashe zafi, ya datse wayar, ya wanke ciwon.

Da wuyan ya warke, Bhubesi ya fito tsakar gida da aski mai tudu da kwari, wani wuri gashi, wani wuri fata. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta kan katanga suna dariya, suna tambayar ko aikin Baba Hlabangana ne. Ya ce nasa ne, kuma duk mai so ya zo ya zauna.

Wanka ne ya rage. Ranar da aka kawo ruwan famfo suka tara a baho, suka bar shi a rana ya yi ɗumi. Karen ya yarda aka wanke ƙafafunsa da cikinsa, da aka zo baya sai ya fice, ya tsaya kusa da igiyar shanya ya girgije jikinsa a kan zannuwan da MaTshuma ta wanke.

"Baban Thaba! Ka ga ɗanka ko?"

"Na gani," in ji tsohon, yana zubar da ruwan a gindin lemo. "Wankin bayan nasa sai wani makon."