Fuskar Kaka a Kan Tebur

Hantsi ne, sanyin hunturu bai saki jar ƙasarmu ba. Ina gasa wutsiyar kangaru, dabbar dajinmu mai tsalle, a toka, sai ga yayata Tjunkaya ta fito daga ɗakin masu zane, waya a hannunta.

"Kai Wintjin, sarkin lalaci, tashi! Mun ci!"

"Me muka ci? Ni ko naman nan bai nuna ba."

"Gasar zane ta birnin Sidni, sakarai. Zanen tsohon ne ya zo na ɗaya."

Tsohon kakanmu ne. Ta daɗe tana zaunar da shi a inuwa tana zana fuskarsa, yana mita wai ta ƙara masa hanci. Bayan an aika zanen birni ya rasu. A wurinmu kuwa, idan mutum ya tafi ba a kiran sunansa, ba a duban hotonsa, sai dattawa sun ɗage hanin. Tsofaffin mata suka zauna suka yanke: a bar zanen rataye can baƙi su kalla, mu mu kau da ido.

Ni kuma fuskarsa ta fara kuɓuce mini. Ina tuna hularsa ta masu kiwon shanu, ina tuna tarinsa, amma idanun sun ƙi zuwa.

Da Tjunkaya ta dawo daga karɓar kyautar na ce, "Yaya, ya idonsa ya fito?"

"Rabu da ni. Ni da na zana ma baya na ba shi har aka gama tafi."

Ranar da motar kaya ta zo, na shiga kanti. Sabon mai kantin, baƙo ne, ya shimfiɗa jarida mai hoton zanen a kan tebur don taya mu murna. Da gefen ido na ga bakin hular. Babu kowa a kantin, har mai shi ya fita. Sunkuyar da kai kawai zan yi, in same shi.

Na tsaya. Sai na ji sandar kakata, matar tsohon, tana ƙwanƙwasa dakalin ƙofa.

Na ɗauki buhun fulawa, idona a kan kwanon rufi, na laluba na ɗora shi a kan jaridar.

Ta shigo, ta dubi buhun, ta dube ni.

"Dogon banza, ka tsaya kamar turke. Miƙo mini ganyen shayi daga can sama."

Na miƙo mata.