Turancin Saje Japhet

"Sake," in ji Baba Japhet. "Ƙirji waje. Ban ji ka ba."

Prosper ya ƙame a gindin mangwaro, gumi na bin gadon bayansa. "Check in! Check out! Hold on!"

"Mene ne hold on?"

"Dakata, Baba."

"Ni kake wa raɗa? Budurwarka ce ni?"

Yau kwana tara ke nan ana wannan horo. Da ƙarfe biyu wata mata za ta kira daga wani otal a Abuja, ta gwada Turancinsa kafin a ba shi aikin karɓar baƙi. Kuskurensa ɗaya: ya bari zancen ya kai kunnen yayan babansa, tsohon saje, wanda ya yi shekara talatin yana horar da kurata. A wurin Baba Japhet, abin da ba a koya a tsaye ba, ba ya zama a kai.

Mazan gidansu kuwa, wanda ba soja ba, mai gadi ne. Prosper kujera yake so, da tebur, da fanka.

"Baba, can a hankali suke magana," ya ce.

"Ka taɓa zuwa can ɗin?"

Ba a mayar wa Baba magana. Dinah, ƙanwar Prosper, tana tsince wake a ƙofar kicin, kafaɗunta na rawa.

Biyu saura minti biyar Prosper ya zame zai shige ɗaki. Baba ya tare ƙofa da sanda.

"Nan za ka amsa. In ji da kunnena."

Wayar ta yi ƙara. Muryar matar mai taushi ce. Bayan gaisuwa ta tambaye shi: baƙo ya iso a gajiye, ɗakinsa bai kammala ba, ransa ya ɓaci. Me zai ce masa?

Prosper ya san amsar. Ya sha gwada ta a ransa, a sanyaye, har da murmushi. Amma Baba na tsaye gabansa, ya ɗaga gira, ya ɗaga sanda. Dugadugan Prosper suka haɗe da kansu.

"Calm down, sir! We will sort it out, sir!"

Kajin Dinah suka watse. Tambaya huɗu matar ta yi, duk ya amsa daidai, duk unguwa ta ji.

Sai matar ta juya zuwa Hausa.

"Daga ina ka ce kake?"

"Zuru, ma."

"Na ji alama. Turancinka ba laifi. Amma in ka ce wa baƙo ya kwantar da hankalinsa da wannan muryar, ta taga zai fita." Ta yi 'yar dariya. "Muna neman mutum a bakin get. Akwai kaki, akwai abinci. Kana so?"

Prosper ya dubi Baba, ya dubi tsakar gidan.

"Me ta ce?" in ji Baba.

Prosper ya juya masa baya, ya kare wayar da tafin hannunsa, ya yi ƙasa da murya yadda ko Dinah ba za ta ji ba.

"Ma, a get ɗin, akwai wurin zama?"

"Akwai benci."

"To. Yaushe zan zo?"