Gaisuwar da ta Makara Shekara Tamanin

Hoto ne ya ja wa Malam Maitama. Ran Asabar ɗansa Fatihu, injiniyan da tsohon yake zaune wurinsa a garin Manassas, can ƙasar waje, ya kai shi gidan ajiye tsofaffin jiragen sama. Tsohon ya ga wani ƙaton jirgi yana sheƙi kamar sabon kwano, ya tsaya gabansa, ya washe baki, ya ce a ɗauke shi.

Washegari ya hango maƙwabciyarsu Olive tana ba tumatirinta ruwa. Wata takwas ke nan suna gaisawa ta kan shinge, shi da guntun Turancinsa, ita da "sannu" ɗayan da ya koya mata. In yara sun tafi aiki, duk layin ita kaɗai ya sani. Ya miƙa mata wayar cike da alfahari. Ta daɗe tana duban hoton, ta mayar masa, ta kashe famfo, ta shige gida.

Sai da Fatihu ya ji labari ya dafe kai.

"Baba, jirgin nan ne ya jefa bam a Hiroshima. Mahaifiyar Olive 'yar can ce. Kakarta da ƙanwar uwarta a ranar suka tafi."

"Ka sani, ka bar ni ina murmushi?"

"Ai an rubuta a allo."

"To, madalla da mai karatu."

Kwana biyu Olive ba ta leƙo shinge ba, tumatir har ya fara sunkuyawa. A na uku Malam Maitama ya fito cikin babbar riga, ya nuna wa ɗansa ƙaramin buhun shinkafa da katan ɗin ruwa.

"Ɗauka. Gaisuwa za mu."

"Wa ya rasu?"

"Kai ka gaya mini."

"Shekara tamanin fa, Baba. Kuma nan sai an yi waya kafin a je gidan mutum."

"Mutuwa ta yi musu waya? Wuce mu tafi."

Olive ta buɗe ƙofa, ta dubi rigar, ta dubi shinkafar, ta ba su hanya. Tsohon ya tuɓe takalmi, ya ƙi kujera, ya zauna kan kafet.

"Ce mata ya haƙuri."

Fatihu ya kama Turanci, yana kai hannu yana kawowa.

"Kalma biyu na ba ka, ka mayar da su huɗuba," in ji uban.

Daga nan ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Fatihu ya duba agogo sau uku. Can Olive ta tambaya a hankali me ake jira. Fatihu ya ce mata babu, a garinsu haka ake yi, in an yi wa mutum rashi sai a je a taya shi zama.

Ta miƙe ta shige ɗaki. Malam Maitama ya ce a ransa shi ke nan, ya ƙara gishiri a gyambo. Sai ga ta da hoton wata yarinya cikin kayan makaranta. Ta dafa kujera, ta sauko ƙasa kusa da shi da ƙyar, ta fara magana, Fatihu na fassarawa, wannan karon ba ƙari. A safiyar ranar an aiki mahaifiyarta ƙauye neman dankali, ƙanwar ta tafi makaranta. Ko gawarta ba a gani ba. Har mahaifiyar ta rasu ba ta ƙara kai dankali baki ba.

"Allah ya ba ku haƙuri," in ji Malam Maitama. Ya zaro waya. "Ce mata zan goge hoton."

Olive ta girgiza kai, ta faɗi wani abu, Fatihu ya danne dariya.

"Ta ce ka bar shi. Wai dai hularka ta karkace."

A bakin ƙofa tsohon ya sa takalmi, ya ce, "Gaya mata muna nan dawowa ran uku."

"Baba, wannan kam ba sai na fassara ba."

Olive ta matsa sai ta ji. Da ta ji, ta ce su zo da hantsi, za ta dafa shinkafar. Ta bi bayansu har shinge, ta kunna famfo.