Tsingaron Ƙasar Girka

Karimatu Mailafiya ta shiga shekara ta biyu a Landan a 1975. Gwamnatin jiharsu ce ta turo ta karatun kayan tarihi, lokacin da kuɗin man fetur ya sa ake ta kwasar ɗalibai zuwa waje. 'Yan ajinsu da suka zo tare duk sun zaɓi tarihin Afirka. Ita kuwa sai ta maƙale wa wasu akwatuna a ɗakin ajiya na ƙarƙashin kwalejinsu a unguwar Bloomsbury, cike da tsingaron tukwanen da aka haƙo kusa da Mikene, wani tsohon birni a ƙasar Girka.

Tambayar da ake ja a kai ita ce yadda mutanen Mikene, waɗanda manoma ne kawai a kan tudu, suka tashi cikin ɗan lokaci suka zama masu sarauta da zinariya, shekara dubu uku da ɗari shida da suka wuce. Farfesar da ke duba aikinta, wata dattijuwar Baturiya mai ƙarancin magana, ta tsaya a kan cewa kaya ne kawai suka ƙetaro daga tsibirin Karita da sauran tsibirai, ta ciniki ko ta ganima.

Karimatu ba ta yarda ba. A wani gungu, wato tsibiri a kogin Kwara, kusa da Yelwa aka haife ta, kuma uwarta Hansai maginiyar tukwane ce, har ruwan madatsa ya tashe su. Ta san yadda hannun magini ke barin shaida a cikin tukunya. Akwai tsingaro guda, gindin wata tukunyar girki mai ƙafa uku, wanda ta yi mako tana juyawa. Ginin na 'yan tsibiri ne, amma yumɓun ya yi mata kama da na tudun Mikene. In haka ne, to mutum ne ya ƙetaro ya zauna, ba tukunya ba.

Ta nemi izinin a yanki ɗan ɓangare daga jikinsa a duba da na'urar ƙara girma. Farfesa ta ce a'a, tsingaron amana ne, sai an rubuta wa masu shi, kuma amsa kan ɗauki shekara.

Mai yankan duwatsu a ɗakin gwajin kwalejin shi ne Matiyu Katung, mutumin kudancin Zariya da ya koyi aikin a ma'adinan Jos, ya shekara goma sha biyar a Landan. Shi kaɗai take yin Hausa da shi a ginin. Ranar wata Juma'a da rana ta sauka wurinsa da tsingaron a aljihun kwat.

"Baba Matiyu, ɗan yanki kamar farce nake so. Ba wanda zai lura."

"Malama, an yi signing ɗin takardar izini?"

"Za a yi. Farfesa ta san maganar."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya kunna injin. Zarton ya ci rabi lafiya, sai aka ji ƙas. Tsingaron ya rabe uku, wani ɓangare ya zama gari a cikin ruwan injin.

Matiyu ya kashe wuta ya zauna. "Shekara dubu uku yana nan lafiya," ya ce a hankali. "Ki faɗa mini gaskiya, ta sani?"

Karimatu ta sunkuyar da kai.

Asabar da Lahadi ta yi su a flat ɗinta ba ta iya cin abinci. Ta san za ta iya mayar da gutsattsarin cikin akwati ta yi shiru, ƙila a shekara goma ba a buɗe ba. Amma Matiyu ya riga ya rubuta aikin a littafin ɗakin gwaji, da lambar tsingaron, kamar yadda ya saba. In an gano, shi za a fara tambaya, ga shi da iyali a unguwar Peckham. Ta ɗauki takarda za ta rubuta wa uwarta, ta rasa ta inda za ta fara bayanin cewa fasasshiyar tukunya ce ta hana ta sukuni.

Ranar Litinin ta riga kowa isa ofishin Farfesa. Ta shimfiɗa gutsattsarin a kan hankici, ta faɗi komai, har ƙaryar da ta yi wa Matiyu.

Farfesa ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi makullin ɗakin ajiya daga hannunta, ta ce ba za ta sake taɓa akwatunan ba sai kwamiti ya zauna. Daga nan ta tambaya ko ɗan yankin da aka fara yankewa ya tsira. Ya tsira, yana wurin Matiyu. Suka sauka tare, Matiyu ya ɗora shi a na'ura. Dattijuwar ta daɗe tana leƙawa.

"Yumɓun tudu ne," ta ce da Turanci. Ta miƙe tana gyara tabarau. "Ba za ki sa shi a kundinki ba. Abin da aka samu ta wannan hanya ba na sa masa hannu."

Kwamiti ya zauna bayan wata guda. Aka bar Karimatu ta ci gaba, amma daga littattafai da hotuna kawai. Matiyu aka ba shi takardar gargaɗi, aka kuma hana shi karɓar aiki daga hannun ɗalibi.

Ta je har Peckham ba shi haƙuri. Matarsa Eunice ta karɓe ta, ta kawo mata shayi, ta ce ya fita. Karimatu ta ga takalmansa a bakin ƙofa. Ta sha shayin, ta yi godiya, ta fito titin Rye Lane ta tsaya jiran bas cikin yayyafi.

Bayan haka in sun haɗu a matakala yakan ce, "Good morning, Miss Mailafiya," ya wuce.