An Kayar da Baba Virgil a Kanikanci

"Ɗaga haɓarka, Baba Virgil. Ba ni za ka kalla ba, wayar za ka kalla."

"Ai ina kallonta. Ita ce ba ta kallona."

Rosalind Tillman ta sake dannawa. Wayar ta yi ɗan tunaninta, ta kuma fito da jan rubutun nan: fuskar ba ta yi daidai da ta jikin katin shaida ba. To ina za ta yi daidai? Mutumin da ke jikin katin ƙato ne mai kumatu da gemu. Wanda ke jingine a gadon da aka kafa masa a falo kuwa, ciwon daji ya tsotse shi, magani ya kwashe gemun har da gira.

Rosalind maƙwabciyarsa ce, shinge ɗaya ya raba gidajensu a bayan tashar jirgin ƙasa ta Stockton. Daga shagon wankin da take aiki ta wuto, ko takalmi ba ta cire ba. Miyar kazar da ta kawo masa tuni ta huce a kan tebur.

Kiran waya ne ya jawo duk wannan. Wata ma'aikaciyar kwalejin gari ta bugo ta ce sabuwar doka ta fito: duk ɗalibin da ke karɓar tallafin karatu daga gwamnati sai ya nuna fuskarsa da katinsa ta waya, a tabbatar shi ne mai sunan. Virgil Odom ya ce ta yi kuskuren lamba, shi rabonsa da aji tun kafin ya fara aske gemu. Sai ta karanto masa ranar haihuwarsa da lambarsa ta gwamnati tiryan-tiryan. Ashe wani ɓarawo ne ya yi rajista da sunansa tun bara, yana kwashe kuɗin tallafi, ba ya leƙa aji.

Kuɗin bai dame shi ba, ya ce gwamnati ta bi ɓarawonta. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, cikin darussan da ɓarawon ya cika har da gyaran injin mota, kuma an rubuta cewa ya faɗi.

"Ni? Duk rayuwata a ƙarƙashin motocin hayar garin nan na yi ta, a ce na faɗi a kanikanci? Da a lissafi ne sai in ce sun gane ni."

"Wa zai gani, Baba? Wa ma ya sani?"

"Ni na sani. Ba zan tafi da wannan a kan sunana ba."

Da ya kafe sai ya je kwalejin da kansa, 'yarsa Lorraine ta bugo daga Reno. "Anti Roz, don Allah kada ki biye masa. Likita ya ce kada ya motsa."

"To zo ki faɗa masa da bakinki. Ni tun safe nake faɗa."

Tunda waya ta ƙi shi, doka ta ce sai ya je da ƙafarsa. Rosalind ta nemi hutun yini, mai shago ya ɓata rai. Ta aro motar ƙaninta, ta cusa keken marasa lafiya da tukunyar iskar numfashi a baya. Shi kuma ya kafe sai ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga.

"Ka yi kama da maratayin kaya," in ji ta.

"Ke kuma tuƙinki kamar na mai gudun 'yan sanda. Bi a hankali, 'yar nan."

Layin da suka tarar a kwalejin ya fito har waje, yara kowa da katinsa a hannu. Wata yarinya mai kitso ta matsa gefe.

"Kaka, wuce gaba."

"Ba kakanki ba ne," Rosalind ta ce tana tura keken. "Ɗan makarantarku ne, wai."

Ma'aikaciyar da ta karɓe su, Malama Pacheco, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta dubi katin, ta dube shi, ta daɗe.

"Na yarda kai ne, Baba. Yau ɗin nan za a toshe wa ɓarawon hanya."

"Sakamakon fa?"

"Goge sakamako sai kwamiti ya zauna. Ƙarshen zango suke zama."

"Ƙarshen zango." Ya gyara robar da ke hancinsa. "'Yata, sake dubana da kyau."

Ta sunkuyar da kai. Rosalind kuwa abin ya kai mata wuya.

"Ɓarawo yana kwance a ɗakinsa ya shiga makarantar nan, ba wanda ya ce masa kanzil. Mai suna ya zo da tukunyar iska a cinya, ku ce ya jira kwamiti?"

"Shi ya sa aka yi dokar, Inna. Irinsa da muka gano ba su ƙirguwa. Amma gogewar wallahi ba a hannuna take ba."

Suna fitowa Rosalind ta nufi mota tana sababi ita kaɗai. Daga wani dogon gini na kwano aka ji ƙarar guduma a kan ƙarfe. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Tura ni can."

"Baba, iskarka ta yi rabi."

"Rabin ya isa."

A ciki motoci ne a buɗe, ɗalibai sun kewaye wata ƙatuwar mata mai rigar aiki, tana kiran sunaye. Zango bai daɗe da farawa ba, kuma ɓarawon ya riga ya sake cika sunan.

"Odom, Virgil," ta kira, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ga ni."

Kowa ya waiwaya. Malamar ta sauke takardar.

"Kai ne Odom? Tun bara nake kiran sunan nan."

"Na ɗan makara ne."

Rosalind ta zayyana mata labarin a tsaye, da faɗa-faɗa. Malamar ta sosa ƙeya.

"Na bara ya fi ƙarfina. Amma yau ka zo, kuma zan rubuta ka zo. Matso da shi nan. Ɗalibina ba ya zaman kallo."

Aka kai shi bakin wata tsohuwar mota. Ya naɗe hannun kwat ɗin coci, ya zura hannu cikin inji. Aka ba shi sifana ta kwance noti, ta suɓuce masa, wani saurayi ya ɗauko ya miƙa masa, ta sake suɓucewa. Daga ƙarshe saurayin ya riƙe masa wuyan hannu, suka kwance noti ɗaya su biyu. Rosalind tana gefe, ido a kan allurar ma'aunin tukunyar iska, tana cewa "Ya isa haka" ba mai jinta. Da suka dawo mota, takardar cin tara ce maƙale a gilashi, don ta ajiye motar a wurin ajiye motocin malamai.

Bai sake fita ba. Ran Lahadi da hantsi, Lorraine ta zo tana zaune a gefensa, ana ta wucewa zuwa coci a waje, numfashin ya tsaya. Kwamiti bai zauna ba.

Rosalind ta shigo ta tarar da Lorraine da kwanon ruwan ɗumi da tsumma, tana goge masa hannu tana kuka.

"Dubi farcensa, Anti Roz. Ya hana kowa wanke masa."

Baƙin mai ne ya shige ƙarƙashin farcen, ya kwanta a tsagar yatsu. Rosalind ta karɓi tsumman, ta matse shi, ta rataye a bakin kwanon. Ta ɗora hannun a kan farin zanin gado kamar yadda yake, ta ja kujera ta zauna.