Rabin Fuskar Matar Direba

Mai Fensir ya gaji da fuskokin mutane. Shekara da shekaru yana zaune a ɗan shagon nan mai kama da akurki, tsakanin tela da mai gyaran waya, yana zana mutane daga hotunansu, kuma bai taɓa gamuwa da wanda ya ce a fitar da shi yadda Allah ya yi shi ba. Wannan a rage mata kumatu, wancan a mayar masa da gashin da sanƙo ya cinye. Tun yana musu har ya haƙura. Yanzu hannun ke aikinsa shi kaɗai, shi kuwa yana fama da ciwon baya.

Ran nan wani direban babbar mota ya shigo, ya zaro ɗan hoto daga aljihu. Na marigayiya matarsa ne, kuma shi kaɗai ya rage. Ruwa ya taɓa shi, ya cinye gefen hagu na fuskar tun daga ido har haɓa.

"Saboda 'yata ne," in ji direban. "Tana ƙarama uwar ta rasu. Tsoro nake kar ta manta kamanninta."

"Ba komai, Maigida. Mun saba."

Ai kuwa sun saba. A sana'ar, in rabin fuska ya lalace, madubi ake kafawa a kan karan hanci, a kwafi rabin da ya tsira a cike ɗayan. Haka Mai Fensir ya yi, ko tambaya ɗaya bai yi ba. Mace ta fito tsaf, son kowa ƙin wanda ya rasa. Direban ya daɗe yana kallo, ya yi godiya, ya rungumi zanen a firam ya tafi.

Kwana biyu sai ga shi ya dawo da firam ɗin a hammata, idanu sun faɗa. Ya zauna a benci tun kafin a ce ya zauna.

"Malam, aiki ya yi kyau, wallahi. Yarinyar ce ta ƙi shi. Wai wannan ba Mama ba ce, wata ce ta ɗaura ɗankwalin Mama."

Mai Fensir ya ja tsaki a zuci. Manya sun ishe shi, yau kuma har da yara.

"Me ta ce bai yi ba?"

"Bakin. Uwar in ta yi murmushi gefe guda yake tafiya, can wajen da ruwa ya ci. Da kuma wani abu a idon."

"Wannan ai mai sauƙi ne." Ya kwance bayan firam ɗin, ya zaro takardar, ya ɗauki abin gogewa. "Sama bakin yake yi ko ƙasa? Idon fa, ƙanƙancewa yake, ko fatar ce ta sauko?"

Direban ya taɓa kumatunsa na hagu, ya koma na dama. Keken tela na ta ƙara ta bayan bango.

"Saitin gadona na rataye shi," ya ce da ƙyar. "Shi nake fara gani in na farka. Yanzu in na rufe ido, taka ce take zuwa. Tawa ta ƙi zuwa."

Kunya ta rufe Mai Fensir, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Mutum ya zo don kar 'yarsa ta manta, ga shi an sa shi ma ya manta. An gudu ba a tsira ba.

"Bar shi a nan, Maigida. Kar ka sake kallonsa. Je ka zo da yarinyar, ita za ta gaya mini."

Direban ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

"In ita ma ta fara sabawa da wannan fa?"

Mai Fensir ya sunkuya ya fara goge gefen hagun a hankali, don kar takardar ta huje.